Jan Hannun Agogon Kubura

Ƙawata Kubura, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Tsibiri, mace ce da ba ta iya ganin abu ta wuce ba ta tambaya ba. In jirgi ya gifta sama, sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Ƙawa, wai mutanen ciki ina suke fuskanta in za su yi salla?" In an kawo sabon injin niƙa, sai ta tsaya kan mai shi har ya buɗe mata cikinsa ta leƙa. Amma akwai mutum guda a duniya da ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi labarinsa ba, shi ne Nasser, ɗanta na fari.

Haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ya dame ta a gaban mutane. Wasu matan suna sassautawa in yaro ya girma. Kubura kuwa ta riƙe abin da haƙoranta. "Wancan" take ce masa, shi ma sai in ya zama dole.

Tun yana ƙarami Alhaji Ilyasu, ƙanen mijinta marigayi, ya ɗauke shi zuwa Maraɗi, unguwar Zariya, ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Yaron na da kai. Sai dai ya faɗo zamanin da ƙasa ta shiga siyasar jam'iyyu, yau yajin aikin malamai, gobe na ɗalibai, shekara ta ƙare ba a yi jarrabawa ba. Kan a farfaɗo kuma darajar kuɗinmu, sefa, ta karye. Nasser ya gaji da zaman jira, ya bi wasu 'yan kasuwa ya tafi Amirka, wani birni Niyok, yana sayar da huluna da jakunkuna a bakin titi. Lokacin da nake ba ku labari yana cikin shekararsa ta uku can.

Duk Lahadi yakan bugo talho, wato waya, gidan Alhaji Ilyasu. Munira, autar Kubura, wadda ke aure can unguwar Zariya, ita ke zuwa ta yi magana da shi, in ta zo Tsibiri ta kawo labari. Amma ba uwarta take ba labarin ba, ina! Ni take ba, ta kan katanga, da murya sama-sama, Kubura kuwa tana tsakar gida tana bakace kamar ba da ita ake ba.

Ran nan Munira ta dafa katanga ta ce, "Gwaggo, Yaya na gaishe ki. Ya ce ƙanƙara ta hana su kasuwa kwana biyu."

Na ce, "Ina amsawa. Shi dai lafiya?"

"Lafiya lau. Kin san wai ƙarfe goma na safiyarsu yake bugowa, kafin ya fita? Mu nan la'asar ta yi, shi ko kumallo bai karya ba."

Na ji faifai ya tsaya.

Munira ta ɗan rage murya, amma ba ragewar da za ta hana tsakar gida ji ba. Ta ce, "Kullum sai ya ce, Inna fa? In ce, ka san Inna. Jiya ya ce, na san ta, amma ko ita ta san ina da rai? Gwaggo, muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya daɗe cikin mutanen da ba su san kunya irin tamu ba, ya fara ɗaukar shiru a matsayin mantuwa."

Faifai ya ci gaba, da ƙarfi fiye da yadda gero ke buƙata.

Da Munira ta tafi, Kubura ta zagayo gidana, ta zauna, ta yi ta juya zoben hannunta. Can ta ce, "Ƙawa, wai rana guda ce ko biyu?"

Na ce, "Guda na sani."

"To ƙaƙa za a yi la'asar nan, a yi hantsi can? Ke nan in mun tashi asuba, su..."

Ban ƙarasa mata ba. Na san abin da ke ranta. Katangarmu ba ta da kauri, kowace asuba ina jin ta tana roƙon Allah ya tashi wani lafiya, ba ta faɗin ko wane ne. Yanzu ta gano lokacin da take roƙon ya tashi, shi kwanciya ma yake shirin yi.

Ta taɓa ganin wani agogo a hannun Alhaji Ilyasu mai nuna lokacin Maraɗi da na Jidda. Bayan ƙaramar salla, shekarar da soja suka karɓi mulki ana tsakiyar azumi, sai ta sayar da jar akuyarta, ta ce in raka ta birni.

Teburin Maman Lawali mai agogo yana bakin Babbar Kasuwa. Mutumin Jiratawa ne, siriri, da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, rediyo na gefe yana ta sanarwar sababbin masu mulki. Ya ɗago ya dube mu.

"Sannunku da zuwa, iyaye. Na amarya za a saya ko na ango?"

Kubura ta ce, "Mai lokaci biyu nika so."

Ya cire gilashin daga idonsa. "Ikon Allah. Alhazan Dubai da na Abijan su ne masu tambayar wanga. To, iri uku gare ni, a zauna a gani."

Ya fara fiddo wani baƙi na roba, mai lambobi. Ya ce, "Wanga duniya duka na cikinsa. Ki latsa nan, ga Jidda. Ki ƙara, ga Dubai."

Kubura ta karɓa ta latsa, ta ƙara latsawa, ta latsa wani maɓallin da ba a ce ta taɓa ba, abin ya fashe da kuka, tsit-tsit-tsit. Ta kusa yar da shi, sannan ta kwashe da dariya.

"Wa ya gaya masa lokacin garuruwan nan duka? Ya taɓa zuwa?"

"Tun a inda anka ƙera shi anka zuba masa, Hajiya."

"Waɗanga ƙananan baƙaƙen da ke sama fa, mi ne ne?"

"Sunan garin ne."

Ta ajiye shi nan take kamar ya ƙona ta. "A'a. Duk ɗan lakwal ɗin da ya kama hannuna sai ya karanta. Ga shi da baki kuma. Ba ni son agogo mai tsegumi."

Na biyu irin na Alhaji Ilyasu ne, ruwan zinariya, fuska biyu ƙanana gefe da gefe kamar idanun mujiya. Ni kam ya burge ni. Kubura ta ɗora shi kan hannunta, ta karkata kai.

"In wagga fuskar ta ce ƙarfe uku, na dare ko na rana?"

Maman Lawali ya sosa ƙeya. "Wannan sai dai mai shi ya lissafa."

"To mi ya yi mini ke nan? Kuma kowa ya gani sai ya ce, Kubura, ke da ko Madarumfa ba ki zuwa, ɗaya fuskar ta wa ce?"

Ya dube ni ya ce, "Bagobira ce, ko? Na ji taurin kan."

Kubura ta ce, "Kai dai Bakatsine, fiddo na ukun, ka bar surutu kamar agogonka."

Na ukun na ƙarfe ne, mai nauyi, na maza. Fuska ɗaya gare shi kamar kowane agogo. Sai ka duba da kyau za ka ga wani siririn hannu ja, ban da hannuwan da aka saba. Kewaye da fuskar kuma akwai zobe mai juyawa, rabinsa baƙi, rabinsa fari.

Maman Lawali ya ce, "Wanga jan hannun bai da gaggawa. Sau guda yake zagayawa, daga wayewar gari zuwa wayewar gari. Shi ke nuna lokacin wancan garin, a jikin zoben. In yana cikin fari, rana ce can. In ya shiga baƙi, dare ne."

Kubura ta kawo agogon kusa da idonta, ta daɗe tana kallon jan hannun ko za ta kama shi yana motsi.

"Wanda bai sani ba fa, mi zai ce wanga ne?"

"Ado zai ce."

"Shi nika so."

Ya ce, "To wane gari za a sa? Jidda?"

"A'a."

"Abijan? Lome?"

"Gaba dai."

"Hajiya, gaba ta ina? Duniya faɗi gare ta."

Ta juya kai tana kallon masu sayar da atamfa. "Inda aka ce ƙanƙara na hana kasuwa."

Na ga abin zai kai mu magariba, na ce, "Amirka, Niyok."

"Wa ke gare ki can, Hajiya?"

Kubura ta ci gaba da kallon atamfa. Ya dube ta, ya dube ni, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya mayar da gilashinsa a ido, ya ce a hankali, "Na gane. Ni ma na fari ne a ɗakinmu. Har tsohuwata ta koma ga Allah, 'kai yaro' take ce mini, ina da furfura."

Ya duba baƙin agogon nan mai lambobi ya ga lokacin Niyok, ya juya zoben har jan hannu ya dace. Ya ce awa shida suke bayanmu. Na raɗa masa maganar ƙarfe goma. Ya ari jan farce wurin mai tebur na kusa, ya ɗiga ɗigo guda a jikin zoben, daidai goma na safe. Bai faɗi amfanin ɗigon ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Daga ranar Kubura ta zama mai agogo. Tana ɗaure shi can sama da wuyan hannu, ƙarƙashin mayafi. Wanda ya tambaya ta ce don lokacin salla ne, alhali ladan na bayan gidanta. Addu'arta ma ta sake wuri. Da asuba na daina jin roƙon a tashi lafiya, sai na ji ana roƙon a kwana lafiya. Na tashi kuwa sai wajen azahar, lokacin da jan hannu ke fitowa daga baƙi, za ka ga ta ɗan tsaya da aiki, leɓɓanta na motsi.

Ran Lahadi kuma sai ƙuli-ƙulinta ya zama dole a kai wa Hajiya Balkisu, matar Alhaji Ilyasu. Mu hau motar Tsibiri, mu sauka tasha, mu shiga Zariya daidai jan hannu na kusa da ɗigo. Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tagar falo, wai nan ne iska. Talho ya yi ƙara, ita tana ƙirga ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa shiga ba. Alhaji Ilyasu, wanda wasan ƙanen miji da matar wa bai taɓa ƙarewa tsakaninsu ba, bai ce mata uffan ba a kan wannan. Sai dai ya ɓullo da wata sabuwar cuta, wai talho na sa masa ciwon kunne, don haka yakan riƙe shi nesa da kansa, kusa da taga. Muryar Nasser takan fito siririya kamar kukan sauro, amma tana fitowa.

Haka muka yi ta yi har zafi ya shigo sosai. Wata Lahadi muka iso, jan hannu bai kai ɗigo ba, muka tarar da Munira tana sa takalmi za ta tafi.

Alhaji ya leƙo ta taga. "Matar Yaya, yau ƙuli-ƙulin ya makara. Mutanen Amirka sun kira sun gama tun ɗazu."

Kubura ta ce, "Ni ina ruwana da mutanen Amirka? Balkisu na zo gani."

A mota sai ɗaga mayafi take tana leƙa hannunta.

Lahadi ta gaba muka ƙara sauri kaɗan. Nan ma an gama. Daga gidan Alhaji ba mu zame ko'ina ba sai teburin Maman Lawali. Ta kwance agogon ta dire masa.

"Bakatsine, akuyata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ka karɓe ta ka ba ni maƙaryaci."

Ya kara shi a kunne, ya gwada da rediyo, ya gwada da baƙin mai lambobi. Ya ce, "Hajiya, wallahi agogon ga bai yi kuskuren ko minti ba. Ga shi, awa shida, yadda na sa."

"To mi ya faru? Mutum ya ce goma, ya kira tara?"

"Ƙila ya sake lokacin fita."

Na ce, "Munira ta tambaye shi ko ya sake. Ya ce shi goma yake kira kamar kullum."

Mai jan farce ta sa baki ta ce ƙila soja ne suka taɓa lokacin ƙasa ba su sanar ba. Wani mai jiran gyara ya ce a'a, rana ce ke gudu in zafi ya yi. Kubura ta bi kowa da ido, fushin ya fara sauka, son sani ya hau. Ta ce, "Awa guda cur ta ɓace tsakanin nan da can. Ina ta shiga? Teku ta faɗa?"

Maman Lawali ya miƙa mata agogonta. "Ni iyakar sanina ke nan. Wanda zai warware miki sai wanda ke tsaye cikin lokacin."

Satin nan ban huta ba. Ko tuwo nake tuƙawa sai in ji ta kan katanga, "Ƙawa, ko dai ƙasar tasu matsowa take?"

Lahadi ta uku tun azahar muna gidan Alhaji. Kubura ta zauna ƙarƙashin taga, agogo a fili yau, ta manta da mayafi. Alhaji ya gani, ya ƙyalƙyale.

"A'a! Matar Yaya an zama ɗan kasuwa. Wanga jan hannun na wane gari ne?"

"Ado ne."

Ta dai ba shi labarin awar da ta ɓace, a matsayin labarin agogon wata mata. Ya ce, "Ai su can dimokuraɗiyyarsu ta nuna. Ƙila zaɓe sunka yi, sunka tsige awa guda."

Jan hannu na kan tara daidai talho ya yi ƙara. Kubura ta dubi agogo, ta dubi taga. Munira ta ɗauka, aka yi gaisuwa. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba, Kubura ta ɗaga murya ta taga.

"Ke Munira. Tambayi wancan, ƙarfe nawa ne wurinsu."

Munira ta tambaya, ta ce, "Wai goma."

"Ce masa tara ne."

"Wai goma ne, wai sun... Yaya, sun mi? Wai sun tura... Inna, ni ban gane ba, wai agogon ne anka tura."

"Wa ya tura? Tura shi ina? Ke ba ki iya tambaya ba!"

Kafin mu ankara ta miƙe, ta shiga falo da ƙafafunta, ta karɓe talho daga hannun Munira. Sai da ta kara shi a kunne sannan ta tuna abin da ta yi. Alhaji ya juya yana duban bango kamar yau ya fara ganinsa. Falon ya yi tsit, har muna jin muryar can.

Ta ce, "Kai. Ƙarfe nawa ne nan inda kake?"

Can aka ce, "Inna?"

"Tambayarka na yi."

"Goma ne, Inna. Goma da 'yan mintoci."

"Nawa ya ce tara."

"Naki? Wane naki?"

"Agogona. Jan hannun. Da yana daidai, in ya hau ɗigo sai ka kira. Sati uku ke nan kana riga shi."

Alhaji ya buɗe baki zai yi maganar tsadar waya, ya fasa. Da muryar ta dawo, ta dushe.

"Inna, agogo gare ki mai lokacina?"

"Ni ba wannan na tambaye ka ba. Ina awa guda ta tahi?"

Ya yi dariya, irin wadda ake yi ana jan hanci. Ya ce can in zafi ya shigo yini na tsawo, sai ƙasa duka a tashi dare guda a tura agogo gaba da awa ɗaya, don a mori hasken.

Kubura ta ce, "Ƙasa duka? Ba wanda ya yi gardama?"

"Ba wanda ya yi."

"Lallai ba Gobirawa can. Ranar fa, ita ma tura ta suke?"

"Rana na inda take, Inna."

"To salla ƙaƙa kake yi?"

"Rana nake bi, ba agogo ba."

"Ka yi hankali." Ta maƙale talho da kafaɗa yadda ta ga Munira na yi, ta kama zoben agogon ta juya shi, ƙas, sau ɗaya. Ɗigon ya zo ƙarƙashin jan hannu. Ta ce, "To, na gyara."

"Amma Inna, in sanyi ya zo za su mayar da ita."

"Su mayar kuma? Yaushe?"

"Ban riƙe ranar ba. Sai dai in kina tambayata."

Ni na san ya riƙe. Kubura ma ta sani. Ta ce, "Mutanen da ke wasa da lokaci haka ba abin yarda ba ne. Dole a riƙa dubawa duk sati." Ta sake duban hannunta. "Agogo ya ce hantsi ya yi can. Ka karya?"

"Ban karya ba tukuna."

"To a tahi a karya kafin a fita."

Ta miƙa wa Munira talho, ta fito, ta koma kan tabarmarta, ta jawo kwanon ƙuli-ƙuli ta rufe shi, ta buɗe, ta sake rufewa. Alhaji ya leƙo ta taga.

"Matar Yaya, da wa kika yi hira haka?"

Ta ja mayafi ta rufe hannunta. Ta ce, "Da mai gyaran agogo."